Ga mai son zuwa wuraren da aka zubar da jini: ka fara da hanyar Tasawa

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce ka gama bautar ƙasa ka dawo Daura da 'yan kuɗin da ka tara, kana son yin tafiya amma ba Dubai ba ba Abuja ba, kai wuraren da aka yi wani mummunan abu a tarihi kake son gani da garuruwan da ke da al'adu masu ban mamaki irin waɗanda kake kallo a YouTube, kuma kana tambaya ina za ka fara, sannan ko addini ya yarda da irin wannan yawo. Toh ni dai tarihi nake koyarwa kuma na daɗe ina kai ɗalibai irin waɗannan wurare, bari in faɗa maka abunda na sani, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Gaskiya kafin ka kashe ko sisi a tikitin jirgi ina so ka san cewa abunda kake nema yana nan kusa da kai, mota ɗaya ko biyu ce tsakaninku, kuma mutanen wurin Hausa za su yi maka, ba ka buƙatar tafinta. Matsalarmu dai idan Bature bai je wuri ya ɗauki bidiyo ba sai mu ɗauka ba abun gani a wurin.

Ka fara da gida. Na san ka sha ruwan Kusugu tun kana yaro, labarin macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a da Ayana da Bayajidda da Daurama duk ka haddace, ba zan ɓata maka lokaci a kai ba. Amma ka taɓa tsayawa Durɓi ta Kusheyi? Tana ƙasar Mani, tsakanin Daura da Katsina, wasu tuddai ne da aka rufe manyan sarakunan farko na ƙasar Katsina a ciki. A 1907 Bature Palmer ya tone wasu, sannan a 1992 aka sake tono tare da masana daga Jamus, aka samu gawarwaki da kayan zinari da awarwaron hauren giwa da tasoshin tagulla da suka zo daga nesa, abunda ke nuna maka mutanen nan suna kasuwanci da ƙetaren sahara tun ɗaruruwan shekaru. Idan ka shigo Katsina kuma ka sa a ba ka labarin kokawar Korau da Sanau, yadda baƙo ya kada mai masaukinshi ya yanka shi ya hau sarauta, har yau kirarin yana cewa yanka mashiɗi baƙon Sanau, kuma takobin Gajere yana cikin kayan sarautar Katsina. Ka je Ƙofar 'Yanɗaka inda Gwamna Lugga ya shigo a 1903. Sai Ɗankama a bakin iyaka, inda ake cewa sarkin Haɓe Magajin Haladu ya faɗa rijiya bayan mutanen jihadi sun ci shi da yaƙi, waɗanda suka tsira daga gidan sarautar su ne suka kafa ta Maraɗi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Ku ma a Daura haka ta faru, an kori Sarkin Gwari Abdu zuriyarshi suka zauna Zango da Baure, sai a 1906 Turawa suka maido Malam Musa.

Yanzu ga inda nake so ka ba hankalinka sosai. Daga Daura ka bi Mai'aduwa ka tsallaka Kwangwalam, ko daga Katsina ka bi Jibiya zuwa Maraɗi, ka hau babban titin da ya ratsa Nijar daga yamma zuwa gabas. Wannan titin kusan sawun wani ayarin sojan Faransa ya bi na shekarar 1899, ƙarƙashin kyaftin biyu, Vule da Shanuwan, kuma wallahi abunda suka yi wa Hausawa a 'yan watanni ban san kamarshi ba a tarihin shigowar Turawa ƙasarmu.

Yadda abun yake, a 1898 Ingila da Faransa suka zauna suka ja layi a takarda suka raba ƙasar nan, Ingila ta ɗauki Sakkwato da kewayenta mai ruwa da abinci, Faransa aka bar ta da gefen sahara, ita kuma tana so ko ta halin ƙaƙa ta haɗa yankinta na kogin Kwara da tafkin Chadi. Sai aka turo waɗannan biyun da sojoji baƙar fata, yawancinsu daga yankin Mali na yanzu, ba a ba su guzurin kirki ba, ma'ana su ci daga abunda suka ƙwata. Ayarin ya yi ta kumbura da 'yan dako da aka kama da ƙarfi da mata da aka kwasa da dabbobin ganima, to ka san taron da ya kai haka rijiyar ƙauye ɗaya ba ta isarshi, rumbun ƙauye ɗaya ba ya isarshi, duk garin da ya yi gardama ko ya ɓoye hatsi sai wuta, ɗan jagoran da ya ɓatar da su hanya sai rataya. A watan Afrilu suka afka wa Lugu a ƙasar Arewa inda Sarauniya Mangu ta tare su da maharbanta da kibau masu dafi, ta yi masu ɓarna kafin ta janye cikin daji da mutanenta. Ranar 8 ga Mayu suka shiga Birnin Ƙonni, gari babba mai ganuwa, suka kashe mutane masu ɗimbin yawa suka ƙone shi.

Labari ya kai Faris ta wasiƙar wani hafsa da ya bar ayarin, sai aka turo Kanar Kulob ya bi sawunsu ya karɓe ragamar. Mutumin nan bai sha wahalar neman hanya ba, ƙonannun garuruwa da gawarwaki ya yi ta bi, har a Koran Kalgo ya rubuta cewa ya tarar da ƙananan 'yan mata an rataye su a bishiya. Ranar 14 ga Yuli ya cim ma Vule a Dankori kusa da Tasawa, Vule ya sa aka harbe shi, an ruwaito ya tara sojoji ya ce shi ya daina zama Bafaranshe, shi yanzu sarkin baƙar fata ne zai kafa daularshi. Kwana biyu bayan nan sojojin nasu suka juya masu, suka kashe Shanuwan ranar 16, Vule ranar 17. Kaburburan da ake dangantawa da su suna Maijirgi, kan hanyar Tasawa zuwa Damagaram, wato Zinder. An kuma ruwaito wani jami'in mulkin mallaka ya sa an buɗe su a 1923 aka tarar ba kowa ciki, daga nan jita-jita ta yi ta yawo.

Abunda ke ci mani rai shi ne mutuwarsu ba ta tsayar da komai ba. Sauran hafsoshin suka ɗauki ayarin suka wuce, ƙarshen watan nan na Yuli suka ci Damagaram, suka bi Sarki Amadu Kuran Daga suka kashe shi, wai fansar Kyaftin Kazamaju da aka kashe a Zinder a 1898, daga nan suka wuce har aka haɗu aka kashe Rabe a Kusuri a watan Afrilun 1900. Faransa ta samu abunda take so, laifin kuma aka ɗora wa matattu biyu aka ce zafin rana ne ya taɓa masu kai.

In ka je waɗannan garuruwa kar ka sa ran ganin gidan tarihi mai fanka da allon bayani, ba shi za ka je nema ba. Abunda ke akwai tsofaffi ne da suka ji daga kakanninsu, za su nuna maka ga inda tsohon gari yake, ga rijiyar da aka ce an zuba mutane, ga gidan da aka kwashe masu mata ba su sake dawowa ba. Kuma labarin na fita ne idan ka zauna, ba a tsaye da waya a hannu ba. Ni abunda nake yi kuma nake sa ɗalibaina, mu fara sauka ƙofar mai gari da goro da ɗan abun gaisuwa, mu faɗi daga inda muke da abunda ya kawo mu, shi zai haɗa mu da wanda ya san zancen. Ka ɗauke shi kamar ka je gidan gaisuwar mutuwa, yadda za ka sassauta murya ka yi addu'a ka jira a yi maka iso, haka nan. Kar ka ɗauki hoton tsoho ba ka tambaye shi ba, kar ka tsaya kan kabari kana murmushi don TikTok, dan Allah.

Damagaram kanta ta cancanci kwana biyu. Unguwar Birni da manyan duwatsunta da gidajen ƙasa masu zane, fadar sarki, ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ya gina, sarkin da har igwa ake ƙera mashi a cikin gari. Ita ce hedikwatar Nijar ta mulkin mallaka kafin a maida Yamai a 1926. Sai dai in ka zauna da masu tarihin can za ka ji ƙarfin Damagaram na wancan zamani da cinikin bayi aka gina wani ɓangarenshi, ana kai hari kudu ana kamo mutane ana turawa Tarabulus ta sahara, kuma cikin waɗanda ake kamowa akwai mutanen ƙasar Daura da Kazaure da Gumel. Wannan ba Bature ya yi ba, mu muka yi wa junanmu, kuma duk wanda zai yi irin tafiyar da kake so sai ya shirya jin wannan ɓangaren ma, in dai laifin Turawa kawai kake son ji to rabin labari za ka dawo da shi.

A gefenmu na Najeriya wurin da ya fi tsaya mani a rai Satiru ne, kudu da Sakkwato. A watan Fabrairun 1906 talakawan garin, manoma da bayin da suka gudo, ƙarƙashin masu wa'azin Mahadi ciki har da wani malami makaho da ya tsallako daga yankin Faransa ana ce mashi Ɗan Makaho, suka tari sojan Ingila da gatura da fartanyu suka kashe Turawa ukku da sojoji sama da ashirin. A watan Maris aka dawo masu da bindiga mai ruwa, tare da dakarun sarakuna, aka kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, Sarkin Musulmi na lokacin ya tsine wa duk wanda ya sake gini a wurin. Kango ne har yanzu. Kuma abun ya taɓa mu kai tsaye, don a cikin zargi da tsoron da suka biyo bayan Satiru ne Turawa suka tuɓe Sarkin Katsina Yero a 1906 suka naɗa Muhammadu Dikko. A shekarar nan dai a watan Afrilu aka yi na Haɗeja inda Sarki Muhammadu ya yi shahada da manyan fadawanshi. Sai Burmi a jihar Gombe ta yanzu, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ranar 27 ga Yulin 1903 yana kan hanyar hijira zuwa gabas da jama'a mai yawa.

Maganar al'adu kuwa, ƙasar Nijar ɗin dai ba ta da na biyu a kusa. A Masalata kusa da Ƙonni Azna suna yin buɗin daji duk shekara bayan kaka, a taru a yi duba a faɗi yadda damina za ta kasance. A Lugu har yanzu akwai mai riƙe da sarautar Sarauniya, kuma a yankin ne dutsen Tunguma yake wanda masu wannan al'ada ke kai wa shari'a. In ka haura arewa akwai bikin Biyanu na Agadas a watan Muharram, gari ya rabu gabas da yamma, samari da rawuna an soka masu ganyen kaba ana kiɗa ana zagaya gari, ga masallacin nan mai hasumiyar ƙasa da aka fara ginawa wajen 1515. Agadas ɗin ma tana da nata baƙin tarihin, bayan tawayen Buzaye ƙarƙashin Kawusan na 1916 zuwa 1917 Faransawa sun karkashe malamai da mutanen gari, Sarkin Agadas Tagama kuma ya mutu a tsare a Zinder a 1920. A Ingal kuma ƙarshen damina wajen Satumba Buzaye da Fulani Bororo ke taruwa shan gishirin dabbobi, a lokacin ne ake Gerewol inda samari ke shafe fuska da kwalliya su jera suna rawa suna fiddo farin ido da haƙora, 'yan mata su zaɓa.

Toh ga maganar addini tunda ka tambaya. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, fatawa ka nema wajen malamanka, amma abunda kowane ɗalibi ya sani Alƙur'ani a wurare da dama ya ce ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Kuma a hanyar Tabuka da Annabi (SAW) ya ratsa Hijir, garin Samudawa, ya ce kar a shiga gidajen waɗanda suka zalunci kansu sai ana kuka, ya rufe kanshi ya yi sauri ya wuce. Ni a nan na ɗauki ladabin irin wannan tafiya gaba ɗaya, a je don izina, ba don shaƙatawa ba. Wajen al'adu kuma kallo daban shiga daban. Ka tsaya gefe ka gani ka yi tambaya cikin mutunci, amma kar ka ba da kaza a yanka wa dutse, kar ka ce bari in gwada a duba mani wasa wasa, hadisi ya zo a kan wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarshi ta kwana arba'in. Haka kuma kar ka je garin mutane kana masu tsawa kana kiransu arna a gabansu, baƙo ne kai, ba wanda ya gayyace ka, in abun ya fi ƙarfin zuciyarka ka yi sallama ka tafi.

In kuɗinka sun kai ka fita nesa, ni Ghana zan ce ka fara, kuma ba bakin teku ba, Salaga. Nan ne kasuwar da fataken Gwanja, kakanninmu, ke zuwa sayen goro, kuma cikin abunda ake musayar goron da shi akwai mutane. Rijiyoyin da ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa suna nan, har yau da Hausa ake kiran wurin, Wankan Bayi. Daga can sai ka gangara Elmina, gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ka shiga ɗakunan ƙarƙashi inda ake cusa mutane kafin a zuba su a jirgi, sai ka ga hanyar daga farkonta har ƙarshenta. Wasu daga waɗanda aka fitar ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma Hausawa ne, a Bahiya ta ƙasar Brazil an kama Hausawa da shirin tawaye a 1807, sannan a 1835 cikin watan azumi bayi Musulmi suka yi babban tawaye aka samu layu da rubutun Larabci a jikinsu. A arewacin Ghanan akwai Paga inda mutanen gari ke ɗaukar kadojin tafkinsu a matsayin 'yan uwa, a kira kada da ɗan tsako ya fito tudu har baƙo ya riƙe wutsiyarshi. A Jamhuriyar Benin kuma akwai Wida, ɗakin bautar mesa yana kallon babban coci, ga ƙofar tunawa da bayi a bakin teku, ga bikin Vudu a watan Janairu. Badagry ta Legas ma irin labarin ne kuma ba sai da fasfo ba.

Ruwanda ita ce ta nesa da nake ganin duk ɗan Najeriya mai hali ya kamata ya je. A 1994 cikin kwana kusan 100 aka kashe mutum wajen 800,000, yawanci 'yan Tutsi, da adda, maƙwabci ya sari maƙwabci, gidan rediyo yana zuga mutane yana kiran wasu kyankyasai. A wurin tunawa na Kigali kaɗai an rufe sama da mutum 250,000. Duk mai jin yadda muke zagin juna da ƙabila a Facebook in ya shiga wurin nan jikinshi zai yi sanyi. Kuma ƙasar ce yanzu duk Asabar ɗin ƙarshen wata ake rufe shaguna da safe kowa ya fito aikin gayya.

Saura maganar hanya, kuma ita ce ba na so ka yi wasa da ita. Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 abubuwa suka canza, an rufe iyaka sai Maris 2024 aka buɗe, kuma a Janairun 2025 ƙasar ta fice daga ECOWAS, don haka kar ka dogara da cewa ai Maraɗi gida ce ka tafi hannu rabbana. Ka riƙe fasfo ko takardar tafiya ta hukuma da katin rigakafin shawara, jandarma na tambaya, kuma ka guji ɗaukar hoto kusa da shingen soja ko ginin gwamnati, waya kaɗai tana iya sa ka kwana a ofis. Yankin Dogon Dutsi da Lugu da bakin iyakar Sakkwato akwai 'yan bindiga, arewa wajen Agadas da Ingal ma ba wurin da za ka tafi kai kaɗai ba ne, waɗannan ka ajiye su sai ka samu ɗan gari da zai karɓe ka kuma ya ce maka hanya ta yi kyau a satin da za ka tashi. Ko namu gefen ka san halin da dajin Jibiya da Batsari ke ciki, shi ya sa gare ka hanyar Kwangwalam zuwa Matamai zuwa Zinder ta fi, daga Zinder ka juyo yamma zuwa Maijirgi da Tasawa. Ka tambayi direbobin tasha kafin ka shiga mota, sun fi kowa sanin abunda ya faru jiya, ka tashi da sassafe, kar magariba ta same ka a daji.

Ka canza kuɗinka zuwa sefa tun a gida ko bakin iyaka ka riƙe ƙanana saboda goro da na mai jagora, can da dala da jikka ake lissafi, dala sefa 5 ce jikka kuma 1,000, ka saba da shi kafin ka shiga kasuwa. Lokacin da ya fi kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, an gama girbi tsofaffi suna zaune a gari suna da lokacinka, zafi bai sauko ba, hanyoyin ƙauye sun bushe. Ka tafi da littafi da biro, ka rubuta sunan duk garin da ka tsaya da abunda aka gaya maka da wanda shi mai ba ka labarin ya ji daga bakinshi, in za ka naɗi murya ka nemi izini tukuna. Sannan kafin ka tashi ka sanar da su Baba inda za ka da ranar da za ka dawo, ka bar masu lambar wanda zai sauke ka a Zinder.